Wa ya zaɓi ranar murabus?

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Agege. In kun ji gurnani a bayanmu, janareton mai walda ne, mun roƙe shi ya ce sai ya gama ƙofar mutane. Ina tare da Kawu Garba da kuma Anti Rabi. Anti, sannu da hanya.

Rabi: Yawwa Nura. Awa biyu daga Obalende, rabinsu a kan gadar Third Mainland. Ka shiga magana kawai kafin in huce.

Nura: To. Wani mai sauraronmu daga Idi-Araba ya turo saƙon murya, ya ce shi bai taɓa yarda babban jami'in leƙen asiri yana ajiye aiki don raɗin kansa ba. Ya kawo misalin Janar David Petraeus na Amurka. Kawu, lokacin ina sakandare, ka tuna mana.

Garba: Ai wannan ba ya mantuwa. Janar ne mai tauraro huɗu, ya jagoranci sojojin Amurka a Iraƙi, ya jagorance su a Afganistan. Obama ya ba shi hukumar leƙen asiri ta CIA a watan Satumba na 2011. To ku riƙe ranakun nan da kyau. Talata 6 ga Nuwamba 2012 aka yi zaɓe, Obama ya zarce. Juma'a 9 ga wata, sai ga sanarwa Petraeus ya yi murabus, ya ce ya ci amanar aurensa. Kwana uku tsakani, Hajiya. Uku!

Rabi: Na ji, Malam. Ci gaba.

Garba: Kuma mako mai zuwa ake jiransa a majalisa ya yi bayani kan harin Bengazi na Libiya, wanda aka kai 11 ga Satumba, aka kashe jakadan Amurka Chris Stevens da wasu Amurkawa uku. In wannan ba lauje cikin naɗi ba ne, to ban san naɗi ba.

Nura: Tsaya Kawu, ta yaya asirin ya tonu tukuna?

Rabi: Bari in ba ka wannan, don shi ne ya fi ba ni dariya. Wata mata ce a Tampa, jihar Florida, ta kai ƙara wurin hukumar binciken laifuka ta FBI cewa ana turo mata saƙonnin imel na tsangwama ba suna. Da aka bi sawu sai aka iske matar da ta rubuta tarihin rayuwar Janar ɗin ce. Ana cikin tono sai aka ga ita da shi suna da akwatin Gmail ɗaya. Ba sa aika wa juna wasiƙa. Wannan ya rubuta ya bari a wurin ajiyar waɗanda ba a aika ba, wancan ya buɗe ya karanta.

Nura: Shugaban CIA guda? Anti, yaran da ke gyaran waya a Computer Village sun fi wannan dabara.

Rabi: Kai dai bari. Amma Malam, maganar Bengazi ba ta tsaya da ƙafarta ba. In an cire shi ne don a toshe masa baki, to bakin bai tosu ba. Ranar 16 ga Nuwamba, mako guda bayan murabus, ya je majalisar ya amsa tambayoyi a zaman sirri. Kuma wanda ya bar aiki ai ya fi sakin baki. Wa zai kora mutum don ya yi shiru?

Garba: A zaman sirri, kin faɗa da bakinki.

Rabi: Da yana kan kujera ma a sirrin za a yi. Kwamitin leƙen asiri ne, ba taron gangami ba.

Garba: To na bar miki Bengazi. Zaɓen fa? FBI sun yi watanni suna wannan bincike. Kafin zaɓe sun zauna da marubuciyar, sun zauna da shi kansa. Amma James Clapper, wanda ke saman duk hukumomin leƙen asirin ƙasar, sai ranar zaɓe da yamma aka gaya masa. Obama, a faɗarsu, sai ranar Alhamis. Dianne Feinstein, shugabar kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawa, a bakin 'yan jarida ta ji. Wane ne ya zauna ya ce a riƙe maganar sai an gama jefa ƙuri'a? Shi nake nema.

Rabi: Wannan tambayar tana da nauyi, ban ƙi ba. Sai dai ga wani abu. Eric Cantor, jigo a jam'iyyar Republican, abokan hamayyar Obama ke nan, ya samu labarin tun ƙarshen Oktoba. Bai kai wa 'yan jarida ba, shugabannin FBI ya sanar. Da abin makami ne na kayar da Obama, ga shi a hannun abokin gaba, me ya hana shi harbawa?

Garba: Wataƙila ya ga Janar ɗin nasu ne.

Rabi: Ka gani? Duk inda na toshe sai ka haƙa wani ramin. Zato zunubi ne, Malam.

Garba: Ko da ya zama gaskiya, na sani. Amma ai daga baya an ga ba maganar mace kaɗai ba ce. A 2015 ya amsa laifin sakaci da bayanan sirri, littattafansa na rubutun hannu ya ba ta. Tarar dala 100,000, da shekara biyu ana sa masa ido. Ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba.

Nura: Mu dawo gida. Kawu, ka taɓa ba ni labarin Ikoyi.

Garba: Afrilun 2017. EFCC suka shiga wani gida a Osborne Towers suka fito da dala miliyan 43 da ɗoriya, da fam 27,800, da naira miliyan 23. Ina da aboki maigadi a wannan layin, washegari na je wurinsa. Na same su su biyar a kan benci gaban mai shayi, an sa waya ɗaya a tsakiya ana kallon hoton bandir-bandir ɗin. Ba mai magana. Can sai wani dattijo ɗan Sakkwato ya ajiye kofinsa ya ce, shekara nawa muna gadin wannan layi, ashe ba mutane muke gadi ba.

Nura: Allah sarki.

Garba: Shugaban NIA, hukumar leƙen asirin waje ta Najeriya, na lokacin, Ayo Oke, ya ce kuɗin hukumarsa ne na aikin sirri. Buhari ya dakatar da shi 19 ga Afrilu, rana ɗaya da sakataren gwamnati Babachir Lawal, aka ba kwamitin Osinbajo mako biyu. Mako biyun nan sai da ya haifi wata shida. Sai 30 ga Oktoba aka sallame su.

Rabi: Ka manta Buhari ya tafi Landan jinya daga Mayu zuwa Agusta.

Garba: Ban manta ba. Amma a Agustan 2018, da jami'an DSS suka tare ƙofar majalisa, ranar Osinbajo ya sallami shugabansu Lawal Daura. Buhari ma yana Landan. Ke nan in ana so a yi sauri an iya.

Nura: Na 2024 fa? Wannan dai na gani da idona. Ahmed Rufai Abubakar ya je fadar shugaban ƙasa ranar Asabar 24 ga Agusta ya ce ya bar shugabancin NIA saboda dalilai na kashin kansa da na iyali. Litinin sai ga sanarwar Yusuf Magaji Bichi shi ma ya bar DSS, har an naɗa magadansu. Kuma farkon watan aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa. A tashar Agege kowa ya zama mai sharhi.

Rabi: A nan dai mu yi hattara. Mutum ya faɗi dalilinsa, mu ba mu da abin da za mu ɗora masa. Amma bari in gaya muku abin da ya sa ba na yi wa Malam dariya gaba ɗaya. Na yi aikin sakatariya a wani kamfani a Apapa. Wata ranar Laraba aka kira ni aka ce in buga takardar ajiye aiki da sunan manajan sito, an samu giɓi a lissafinsa. Har da godiya ga kamfani, har da batun rashin lafiyar mahaifiyarsa. Aka ce in bar gurbin kwanan wata.

Nura: Shi ya sani?

Rabi: Yana ƙasa yana ƙirga buhuna. Takardar ta kwana goma sha tara a durowata, sai da masu binciken kuɗi suka zo suka tafi. Ranar da ya sa hannu, da birona ya cike gurbin. Har ya ce mini, Hajiya biron naki ba ya kamawa sosai.

Garba: To ai kin dawo layina.

Rabi: Ban dawo ba. Ni na san wanda ya ce a bar gurbin, don ni ya kira. Kai fa, a maganar Petraeus, wa ya kira ka?

Garba: Nura, ka ga antinka ko?

Nura: Ni ba ruwana, Kawu. Ga mai walda ya kashe inji, ga kuma kiran la'asar. Mai sauraronmu na Idi-Araba, ka turo wani saƙon ka faɗi wanda ka bi a cikinsu. Anti, shayin naki ya huce, a sake miki?

Rabi: A sake, amma ban da sukari.