Amy Edmondson da binciken da ya sa ake auna tsoro a wurin aiki

A farkon shekarun 1990, wata ɗaliba mai neman digirin digirgir a Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta shiga wani bincike kan kurakuran ba da magani a wasu asibitoci biyu na Amurka. Aikinta shi ne auna haɗin kan ma'aikata a sassan jinya takwas. Ta yi zaton sashen da ya fi haɗin kai shi zai fi ƙarancin kuskure. Da alƙaluma suka fito, sai abin ya juye: sassan da suka fi shugabanci nagari su ne rajistarsu ta fi cika da kurakurai.

Ba ta jefar da sakamakon ba. Ta tura wani mataimaki, wanda bai san hasashenta ba, ya je ya zauna a sassan ya ga yadda ake aiki. Abin da ya gano shi ne, a wasu sassan ma'aikaciyar jinya kan faɗi kuskurenta a fili, a wasu kuma sai ta ja bakinta don tsoron shugabar sashe. Ashe rajistar ba yawan kuskure take nunawa ba, yawan wanda aka yarda aka faɗa take nunawa. An buga wannan bincike a 1996.

Nan tasirinta ya samo tushe. Tunanin sakin jiki a wurin aiki (psychological safety a Turance), wato mutum ya iya tambaya ko faɗin kuskurensa ba tare da tsoro ba, ba nata ba ne tun asali, domin masana Edgar Schein da Warren Bennis sun taɓo shi a 1965, William Kahn kuma ya faɗaɗa shi a 1990. Abin da ta ƙara shi ne ta mayar da shi abin aunawa, kuma ta nuna cewa sifa ce ta tawaga, ba halin mutum ɗaya ba. A 1999 ta nazarci tawagogi 51 a wani kamfanin ƙera kayan ofis, ta samar da ma'auni mai jimloli 7. Ma'aikaci zai nuna matakin yardarsa da kowace jimla, daga 1 zuwa 7. Misali, idan ka yi kuskure a tawagar nan, ana riƙe ka da shi? Neman taimako yana da wuya? Za ka iya tayar da magana mai nauyi? Ta gano cewa inda mutane suka saki jiki, sun fi tambaya da neman gyara, kuma ta wannan hanyar ce aiki yake inganta. A lura da wannan tsani na tsakiya, wato koyo, domin a bincikenta sakin jiki ta hanyar koyo yake kai ga ingancin aiki.

A 2001, ita da Richard Bohmer da Gary Pisano sun bi asibitoci 16 da ke koyon sabuwar dabarar tiyatar zuciya wadda ba sai an tsaga ƙashin ƙirji ba. Tawagogin da babban likitansu yake neman kowa ya yi magana su ne suka fi saurin ƙwarewa. Daga baya kamfanin Google ya fara nazarin tawagoginsa 180 a 2012, ya kuma sanya wannan sifa a sahun farko cikin abubuwa biyar da ke bambanta tawaga mai kyau. Wannan ne ya fitar da batun daga mujallun jami'a zuwa ɗakunan taron manajoji. 

To, a ina masu amfani da ma'aunin suke tuntuɓe? Uku daga cikin jimlolin bakwai an rubuta su a juye, wato yarda da su tana nuna tsoro ne ba sakin jiki ba, don haka dole a juya makinsu kafin a haɗa, wato 7 ya koma 1, 6 ya koma 2. Wanda ya manta, lissafinsa ya lalace tun daga tushe. Sai kuma masu haɗa makin kamfani gaba ɗaya su fitar da matsakaici guda. Wannan yana rufe ainihin abin da ake nema, tunda sassa biyu a bene ɗaya na iya bambanta ƙwarai saboda shugabanninsu na kusa. Idan kuma oga ne da kansa yake karɓar takardun, ko tawagar mutum uku ce da za a iya gane rubutun kowa, to tsoron da ake son aunawa shi zai cike amsoshin.

Akwai kuma masu ɗauka cewa batun lallashi ne da gudun ɓacin rai. Edmondson ta sha musanta haka: sakin jiki ba tare da tsauraran ƙa'idojin aiki ba, hutu kawai yake haifarwa. Masu suka ma suna da hujja mai ƙarfi. Yawancin binciken an yi shi ne a lokaci guda, mutum ɗaya yana ba da makin sakin jiki da makin ingancin aiki, saboda haka da wuya a rantse wanne ya haifi wanne. Maganin shi ne a ɗauki ingancin aiki daga wata majiya daban, kamar bayanan abokan ciniki, sannan a sake auna tawagar bayan wasu watanni.