Amsoshin Tambayoyinku: "Ɗana wasa kawai yake yi a makaranta"

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun yau duk a kan yaran da ba su isa shiga firamare ba ne. Ta farko wata uwa ce ta aiko. Ta ce ɗanta mai shekara huɗu ya yi wata shida a makarantar renon yara, amma har yau bai iya rubuta sunansa ba. In ta tambaye shi me aka yi a makaranta, sai ya ce an zuba ruwa a kofi, an share aji, an yi waƙa. Shi ne take tambaya: wannan karatu ne ko ɓata lokaci?

Malama, mun gode, Allah ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki, zuba ruwan nan yana da tarihi. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan kula da yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum. Ta sa aka yi musu tebura da kujeru daidai tsayinsu, ta bar su suna wanke hannu, suna shara, suna ɓalla maɓalli da kansu. Ki zauna wata rana ki kalli ɗanki yana juye ruwa daga wannan kofi zuwa wancan. Idonsa da hannunsa suna aiki tare, hankalinsa na wuri ɗaya, kuma dole ya san inda zai tsaya. In ya zubar, ya ɗauko tsumma ya goge, ya gane ke nan kuskure abin gyarawa ne, ba abin ɓoyewa ba. Yatsun da suka saba da maɓalli kuwa su ne gobe za su riƙe fensir. Da rarrafe yaro kan tashi.

Akwai wani bincike da nake so ki ji. Tsakanin 1962 da 1967, a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, an ɗauki yara 123 'yan shekara uku da huɗu daga gidajen marasa ƙarfi. An sa 58 a wata makarantar renon yara mai suna Perry, 65 ba a sa su ba. A ajin, yaro ne zai faɗi abin da zai yi, ya je ya yi, ya dawo ya ba da labarin yadda ta kaya. Aka yi ta bin rayuwarsu har suka kai shekara 40 da ma gaba. Fifikon da 'yan makarantar suka nuna a jarrabawar gwajin ƙwaƙwalwa bai daɗe ba, 'yan shekaru da shiga firamare ya dusashe. Amma da suka girma, sun fi takwarorinsu gama sakandare, sun fi su samun kuɗin shiga, kuma ba su kai su shiga hannun hukuma ba. James Heckman, masanin tattalin arzikin da ya ci kyautar Nobel a 2000, ya tsefe alƙaluman, ya gano babban abin da ya zauna a jikin yaran shi ne hali: kamun kai, da rage faɗa da rashin ji.

Saboda haka in kin je makarantar, kada ki tsaya kan rubutu kaɗai. Tambayi malamarsa: yana jira layi ya zo kansa? Yana gama abin da ya fara? In an ƙwace masa abu, me yake yi? Sai dai fa ba kowane wasa ne karatu ba. In kin tarar an tara yara an bar su, babu babban da ke musu magana ko tambaya, to damuwarki tana kan hanya. A gida kuma, ki bar shi ya sa rigarsa da kansa ko da zai juya ta bai-bai. Mu manya sauri ne ke cin mu. Minti biyar ɗin da muke ƙyashi da safe, darasi guda muke hana yaro.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin ajin 'yan shekara uku ce. Ya ce kullum sai an yi faɗa kan kayan wasa, har da cizo, kuma ya gaji da tsawa.

Malam, sannu da ƙoƙari, aikinka ba ƙarami ba ne. Yaro a wannan shekarun fushinsa ya fi kalmominsa yawa, shi ya sa haƙori ke riga baki. Aikinka ka ara masa kalmomin. Durƙusa daidai tsayinsa ka ce, "Na ga ranka ya ɓaci don ya karɓe maka mota. Ba a cizo. Ce masa, ba ni in ka gama." Za ka maimaita har ka ƙosa, amma ran da ka ji wani ya faɗa da kansa, za ka san ba a banza ba. Abin da suka fi rububi a kai, ka samo biyu ko uku, don rabo bai gama zama a ran ɗan shekara uku ba. Ka riƙa yi musu wasan tsayawa: ana tafi suna tsalle, tafi ya tsaya kowa ya ƙame. Dariya za su yi ta yi, alhali suna koyon tsayar da jiki ne a lokacin da yake son ci gaba. Ina kuma roƙonka kada ka daki yaro don ya daki wani. Abin da ya gani a hannunka ya fi shiga ransa a kan abin da ya ji daga bakinka.

Sai wani uba da ke tambaya ko waƙoƙin koyon ƙirga na waya za su iya maye gurbin makaranta. Malam, ba za su iya ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Masana a Jami'ar Harvard sun ce a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin mahaɗai sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma abin da ke ƙarfafa su shi ne yaro ya yi magana ko nuni, babba ya amsa masa, shi ma ya mayar. Waya ba ta sauraron ɗanka. In za a kalla, ku kalla tare, ka tsayar ka tambaye shi tsuntsu nawa ya gani, sannan ku tashi ku ƙirga takalman da ke bakin ƙofa.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.