Yadda ceki ke aiki a bankunan Amurka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau darasinmu kan ceki ne, saboda 'yan uwa da suka sauka Amurka kwanan nan, tunda mu a gida taransifa muka saba da ita, amma can har gobe akwai masu gidan haya da sai ceki suke karɓa.

To in kun ɗauki ceki a hannu, ku duba can ƙasa daga hagu. Lambobin nan guda 9 na banki ne, sai lambar akawun ɗinka, sai lambar takardar kanta. Kwanan wata a kula don Allah, su wata suke fara rubutawa, 3/4 a wajensu 4 ga Maris ne ba 3 ga Afrilu ba. Sunan wanda za ka biya a dogon layin nan, kuɗin da lamba cikin ɗan akwatin, sannan ka sake rubuta shi da kalmomi, in biyun suka saɓa to na kalmomin ake bi. Ja layi a filin da ya rage kar wani ya ƙara maka sifili, sa hannu, shi ke nan.

In kai aka ba kuwa, sa hannu a baya, ka ɗauki hotonsa gaba da baya da manhajar bankinka, ba sai ka je layi ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. Doka ta sa banki ya sakar maka kuɗin cikin 'yan kwanaki, sai ka ga ya hau akawun ka ɗauka magana ta ƙare, alhali ba ta ƙare ba, ana iya yin makonni kafin a gano cekin na bogi ne ko mai shi ba shi da ko sisi, kuma ranar da aka gano kai banki zai cire wa kuɗin har da tara. Da wannan 'yan damfara ke cin mutane wallahi. Za su aiko maka cekin dala 2,000 su ce kuskure aka yi, ka riƙe 500 ka maido 1,500 da sauri. Kar ka tura ko kwabo malam, je bankin ka tambaya ko an tabbatar da cekin daga bankin mai shi.

Haka in kai ka rubuta, kar ka dogara da sa kwanan wata na gaba, ana iya cire kuɗin tun kafin ranar. Kuma ceki in ya wuce wata 6 banki na da damar ƙin karɓa, saboda haka kar a ajiye shi a durowa.