Madubi ba na gyaran hula ba ne: laccar da aka yi wa direbobi a wata tashar mota a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Shugabannin tasha, iyayenmu direbobi, 'yan kamasho, da ku 'yan kabu-kabu da kuka rakuɓe can baya, barkanku da yamma. Na bayan nan kuna jina? To madalla.

Madubi uku zan yi magana a kai. Na farko na ciki, wanda ke maƙale a saman gilashin gaba. Shi shimfiɗaɗɗe ne, nisan da ya nuna maka shi ne na gaskiya. Akwai ɗan maɓalli a ƙasansa, na san wasunku har su sayar da motar ba su taɓa shi ba. In dare ya yi wani ya biyo ka da fitila yana kashe maka ido, tura shi, hasken zai dushe. Amma kai da ka danƙara buhunan albasar Aliero har rufin mota, albasa kawai zai nuna maka. (Dariya)

Na biyu na gefe, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Yawanci gilashinsa yana da ɗan doro, kamar bayan cokali, musamman na hannun dama. Doron nan ne ke sa ya kwaso fili mai faɗi, amma yana ƙanƙantar da abu. Sai ka hango mota 'yar mitsitsiya ka ce ai tana nesa, alhali tana dab da kai. Tana dab da kai, na ce! Kuma tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, direba yana zaune a hagu, madubin dama ya yi masa nisa, shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Wani ma ya karye tun bara, an ɗaure da roba.

Sannan akwai wani lungu daidai ƙofar baya wanda babu madubin da ke nuna shi. Mashin da fasinjansa zai shige nan ya ɓace. Idan ka duba madubin gefe ka ga jikin motarka ya cinye rabinsa, ka yi asarar rabin. Tura shi waje har sai ɗan gefen motar kawai kake gani. Duk da haka, kafin ka karkata, waiga da kanka.

Kun san a 1911, a tseren motoci na Indiyanapolis a Amurka, kowane direba yana ɗaukar makanike yana duba masa baya? Wani Ray Harroun ya ƙi ɗaukar kowa, ya ɗaura madubi, kuma shi ya ci tseren. Yaran mota kada ku tsorata, ban ce a sallame ku ba.

Na nawa muke? Na uku... oho dai, madubin tirela. A hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yauri, in kana bin tirela ba ka ganin madubinta, direbanta ba ya ganinka. In ka ga ta buɗe hagu, wataƙila dama za ta yi kwana, kada ka kutsa.

Na'am, ga hannu can.

(Wani ɗan kabu-kabu: Malam, mu a cunkoson kasuwa madubi karyewa yake, shi ya sa muke cirewa.)

Ɗana, na ji ka. Amma kai ne ka fi kowa buƙatarsa, domin ba ka da ƙarfe a bayanka sai fasinja. Duk lokacin da ka juya wuya ka kalli baya, mashin yana tafiya gaba ba mai kallon hanya, kuma hannu yakan bi wuya. Nawa ne madubin mashin a kasuwa? Faɗa da ƙarfi. To nawa ne ɗorin ƙafa? Ka ɗaura guda biyu, ka ɗaure notin da kyau, ka saita su yadda kafaɗarka ba za ta cika su ba. Shugaba, gobe da safe a duba min mashin ɗinsa.