Mu muna gudun laterit, su kuɗi suke biya su hau ta

Assalamu alaikum 'yan uwa, mutanen Damagaram ina gaisuwa, Birni, Zongo, Sabon Gari, har na Mirriya. Ku yi haƙuri da hakin nan da nake yi, yanzu na gama hawo wani tudu da keke a nan Faransa. Kafin in ce komai ina so ku yi shiru ku saurara. Kun ji? To ai shi ke nan, babu abin ji. Awa uku ke nan rabona da jin hon, babu kabu-kabu, babu mota, babu mai ce maka kai malam matsa. Wallahi da farko tsoro ne ya kama ni, na tsaya na waiga baya har sau biyu, don mu a wajenmu in hanya ta yi tsit haka to akwai dalili.

Nan duwatsun Voj ne, su suna rubutawa Vosges, gabashin Faransa. Daga Nansi na shigo jirgin ƙasa da sassafe da kekena, na sauka wani gari Remiremont. Daga bakin gari akwai wata hanya da suke ce ma vuwa vert, wato koriyar hanya, da can layin dogo ce, da jirgi ya daina bi sai suka cire ƙarafan suka malala kwalta suka ce ta masu keke ce da masu tafiyar ƙasa kawai. Ta haura kilomita 50 in ka haɗa reshen Bussang da na Cornimont. Kwalta fa, sumul, kuma an hana mota hawa! Ni da na san yadda ake rawa da guɗa in an ce za a yi wa unguwa kwalta.

To abin da ya ɗaure min kai ba ma wannan ba ne. Abokin aikina Bature da ya koya min wannan harkar, da muka fara zuwa sai ya ce min wai kwaltar nan ta tsofaffi ce da masu tura jarirai, mu sama za mu yi. Sama ina? Sai ya nuna min wannan da kuke gani ƙarƙashin tayata. Bari in sunkuyar da kamara. Tsakuwa ce da ƙasa, wani wajen ja-ja, wani wajen fari. Laterit ce jama'a! Irin wadda in ka bi ta zuwa ƙauye ranar kasuwa kake sauka da jan gira, Inna ta ce je ka wanke kafin ka shigo min ɗaki. Ita ce a nan aka raɗa wa suna gravel, har da keke na musamman aka ƙera mata, kan sa lanƙwashe irin na 'yan tsere amma tayar ta fi kauri, tawa milimita 40 ce. Na hannu na saya, yuro 600, kusan jika 400 na sefa ke nan, don Allah kar wanda ya kai wa Baba wannan labarin. Sabo kuwa akwai na miliyan biyu na sefa har sama, keke fa ba moto ba, ƙafarka ce injin.

Na yi ta masa dariya ranar, na ce mu da aka haifa a kanta ai sai ku biya mu mu koyar da ku. Amma yanzu na gane, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Mutumin da ya kwana biyar cikin ƙarar mota da fitilar kan hanya, shirun nan yake saye. Hanyoyin nan na ma'aikatan gandun daji ne, ONF suke ce ma hukumar, a bakin kowace za ka ga sun gitta ƙarfe ko gungume da kwaɗo, mota ba ta wucewa sai mai mabuɗi, kai mai keke ka raɓa ta gefe ka shige abinka.

Tsaya, ku ga wannan. Ku duba tulin itacen nan a gefen hanya. Ya fi ni tsawo, kuma ya yi tsawon gidanmu na Zongo har da zaure. An jera shi tsaf, an shafa wa kan gungumen fenti da lamba, babu mai gadi, babu ko kare. Tun watan jiya na gan shi a nan kuma ko ɓawo ba a ɓantara ba. Ni kam sai da na zauna a kai na yi tagumi, na tuna yayata da take lissafin itace ƙwaya-ƙwaya kafin ta ɗora tukunya, in damina ta zo ya jiƙe ga tsada ga hayaƙi. A ƙauyukan nan ma akwai wata al'ada, afuwaj, mutanen gari su biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ware musu rabonsu na itacen hunturu daga dajin garinsu. Amma ba duka ne lafiya ba, can tsallaken kun ga bishiyoyin da suka yi ja suka bushe a tsaye, wani ɗan ƙwaro ne ke shiga ƙarƙashin ɓawo yana kashe su, tun farin da suka yi a 2018 abin ya yi ƙamari. Wai fari. Na ce masa malam ka zo Tanut a watan Afrilu ka ga fari.

Ruwa kuma kar a yi magana. Ko'ina ƙorama, ko'ina famfon dutse a tsakiyar ƙauye yana zuba dare da rana babu mai rufewa, ni da na taso ina bin 'yan ga-ruwa da jarka tun asuba, har yau in na ga haka hannuna ƙaiƙayi yake in nemi inda ake murɗewa. Kusa da Bussang ɗin nan kogin Mozel ya ɓullo, ɗan tsiririn ruwa ne da za ka tsallake da ƙafa ɗaya, amma shi ne ya bi ta Epinal da Mes ya shiga Jamus har jiragen ruwa na dakon kaya a kansa. Ɗazu na yi alwalar azahar a wata ƙorama, yatsuna sai da suka daina jin komai. Sai dai in ka ga an rubuta non potable a jikin famfo kar ka ce ai ruwan Turai ne, kar ka sha.

Tudu kuwa ya ba ni kashi, ba zan ɓoye ba. Mu Damagaram muna taƙama da duwatsunmu na Birni, to waɗannan hawa ɗaya sai ka yi awa guda kana murzawa ba ka ga ƙarshe ba. Na sa giya mafi sauƙi, giyar keke nake nufi kafin wani ya yanke bidiyon ya tura wa Liman, duk da haka cinyata kamar an zuba mata barkono. Ina cikin wannan hali wata tsohuwa da ta yi jika da ni ta zo ta wuce ni fiu, har da bonjur da murmushi. Na kusa ajiye keken in koma gida, sai daga baya na hango batir a jikin nata. Wancan ƙololuwar da hazo ya rufe Balon dalzas ne, mita 1247, tun 1905 'yan tseren Tur da Farans suka hau shi da kekunan zamanin da. Mafi tsawonsu duka Gran Balon, 1424. Da abokina ya fara min kuri da shi na ce sannu, Bagazan namu na Ayar ya haura 2000, ka je ka tambaya.

Abu ɗaya da na yarda sun fi mu morewa, ƙaya. Babu tsidau, babu ƙarangiya, babu ƙayar aduwa. Wata shida ban yi faci ba, ni da keken kawuna da nake sata in tafi Mirriya cin mangwaro sai da tiyub ɗinsa ya zama faci ya fi roba yawa. Amma kuma in tayarka ta fashe a nan babu mai faci a gindin bishiya, kai ne mai facin kanka, kuma rezon waya ɗaukewa yake a cikin kwari. Na taɓa tura keke kilomita 7 saboda na manta famfon keke a ɗaki.

Duk ɗan uwan da ke nan Faransa yake so ya gwada, ku ji da kyau. In kaka ta shiga mafarauta na shigowa da karnuka suna koro aladen daji, in ka ga allo an rubuta chasse en cours, wato ana cikin farauta, juya kawai, kar ka ce bari in lallaɓa, kuma ka sa riga mai ƙyalli. Na biyu an ce babu mota amma manyan motocin ɗaukar gungume suna bi ranakun aiki, ɗaya ta taɓa fito min a kwana ina gangarowa, Allah ne ya yi da sauran kwana. Sannan kaska. Eh kaska irin ta shanu amma ƙarama kamar ƙwayar riɗi, tana cikin ciyawa, tana sa wata cuta Laim, in ka koma gida ka tuɓe ka duba bayan gwiwa da hammata. Kuma gidajen abincin makiyayan da ke kan tudu, ferm oberj, abincinsu na gargajiya da naman alade ne, ka tambaya kafin a ajiye maka faranti. Ni cuku nake ci, munster, warinsa kamar an manta daddawa a cikin takalmi amma da daɗi, da wani yankan burodin zaƙi mai 'ya'yan itace shuɗaye, yuro 5, jika uku da 'yan kai, kuɗin da zan ci tsire in ƙoshi har in yi wa wani tayi a Kasuwar Dole.

Yau dai kilishin da aka aiko min da shi na ƙunso, saura ɗan wannan, tun ɗazu nake ja masa rai. Hazon can ya fara saukowa kuma jirgina na ƙarfe shida ne, gangara ce tun daga nan har ƙasa, hannu biyu nake buƙata a birki. Bari in sa wayar a aljihu.