Lissafin tushe ga wanda ya koma karatu da girmansa

Masu kallo, assalamu alaikum. A Amurka akwai kwalejoji na shekara 2 da ke karɓar manya waɗanda suka daɗe da barin aji, kuma da yawansu suna koyar da lissafin tushe, wato tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da kaso cikin ɗari, kafin ɗalibi ya shiga aljabra, wato lissafin da ake sa harafi a madadin adadin da ba a sani ba. Wannan tsari yana da amfani ga duk mai shirin komawa karatu a nan Tawa, ko mai niyyar shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, yawancinku kun riga kun iya rabin aikin. Idan mai tumatir ta ce dala arba'in, ba wanda yake ɗauko alƙalami kafin ya miƙa mata sefa 200, domin kansa ya riga ya ninka 40 sau 5. Abin da darasin ke ƙara maka shi ne rubuta wannan tunani daki-daki, yadda za ka iya komawa ka ga inda kuskure ya shiga.

Ga misali. Ɗan kasuwa ya sayo buhu 8 na albasa daga Galmi, ya biya kuɗin mota sefa 12,000, jimillar abin da ya kashe kuma 132,000 ne. Nawa ne kuɗin buhu ɗaya? Mu kira shi x, mu rubuta cewa 8 sau x, a tara da 12,000, daidai yake da 132,000. Sai mu ɗebe kuɗin mota daga ɓangarorin biyu, ya rage 120,000, mu raba gida 8, mu sami 15,000. Ƙa'idar ita ce, duk abin da aka yi wa ɓangare ɗaya, wajibi ne a yi wa ɗayan. A kan irin wannan daidaitawa masanin lissafi al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekara ta 820.

Inda na fi ganin ɗalibai na tuntuɓe kuwa shi ne kaso cikin ɗari. Kayan 10,000 da ya hau da kashi 20 ya zama 12,000, amma idan ya sauko da kashi 20 ba zai koma 10,000 ba, zai tsaya a 9,600, saboda ragin an yi shi ne a kan sabon farashi. Ku tsayar da bidiyon nan, ku gwada da 25,000, ku rubuta kowane mataki a layinsa.