Neman Tsarki a Kwanaki Hamsin na Ista

Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Baba Katikis, dattawan Ikilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata, da ku matasa da kuka zaɓi kujerun bakin ƙofa inda iska take ɗan shigowa, ina gaishe ku duka, barkanmu da ganin bikin tashin Ubangiji.

An ce in yi magana a kan neman tsarki a rayuwarmu ta yau da kullum a wannan lokaci na Ista, kuma zan fara da ɗan lissafi. Azumin Lent kwana 40 ne, lokacin Ista kuwa kwana 50 ne, daga Lahadin Tashi har zuwa Lahadin Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, wato Ikilisiya ta ba murna kwana 10 fiye da abin da ta ba makoki. Amma duk baƙon da ya zauna a cikinmu ya lura da yadda muke yi, zai rantse cewa Lent ne kaɗai lokacin ibada. Ranar Laraba ta Toka, ranar fara azumin, coci takan cika har waje, Hanyar Gicciye ta ranakun Jumma'a ba ta rasa mutane, wani ya bar burukutu, wata ta bar nama, wani ma ya daina yi wa matarsa tsawa. Ranar Litinin ta Ista sai mu tafi Galili, wato fitar shaƙatawa ta bikin, a ci shinkafa, a yi rawa, kuma hakan daidai ne. Abin da ke damuna shi ne ranar Talata, ranar da kowa yake ɗauko halinsa na da daga inda ya rataye shi, kamar rigar da aka ajiye saboda zafi. Ba na cire kaina, domin bayan hidimar Mako Mai Tsarki ni ma gajiya takan sa in riƙa gajarta addu'ar safe, ina cewa ai an gama babban aiki.

Ikilisiya ba ta ɗauki abin haka ba. A ƙa'idarta, waɗannan kwanaki 50 ana kiyaye su ne kamar rana ɗaya ta idi, kamar wata babbar Lahadi da ta ƙi ƙarewa. Tun a shekara ta 325, taron bishop-bishop na Nisiya ya ba da umarni cewa a ranakun Lahadi da dukan kwanakin nan a yi addu'a a tsaye, kada a durƙusa, domin wanda aka tayar tare da Almasihu tsayuwa ce ta dace da shi. Babban kyandir ɗin da kuke gani kusa da bagade ana kunna shi a hidimomin wannan lokaci har zuwa Fentikos, kuma addu'ar Anjelus ta safe da tsakar rana da yamma an musanya ta da Regina Caeli, gaisuwar murna ga Uwarmu Maryamu. Duk waɗannan alamu suna faɗa mana cewa azumi share fage ne kawai, kamar sharar gona da ake yi yanzu a bazara, kuma ba wanda ya taɓa cika rumbu da shara.

Kalmar tsarki kanta tana ɗan ruɗa mu. A bakin Bahaushe tsarki yakan nufi wanke jiki kafin ibada, waliyyi kuwa mutum ne mai karama wanda ya rabu da harkar duniya, saboda haka idan aka ce wa mai sayar da hatsi ko direban a-daidaita-sahu ya nemi tsarki, sai ya ga ai wannan aikin Fada ne da Sista. Babban taron Vatican na biyu ya rufe wannan ƙofa a shekarar 1964, a babi na 5 na takardarsa a kan Ikilisiya, inda ya koyar da cewa kowane mai bi, ko wane ne shi kuma ko mene ne aikinsa, an kira shi zuwa cikar rayuwar Kirista, cewa tun a baftisma aka tsarkake shi, abin da ya rage masa shi ne ya riƙe abin da aka ba shi, ya kuma kai shi ga kammala. A daren Ista kun riƙe kyandir a hannu, aka tambaye ku ko kun ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa, kuka amsa da ƙarfi har rufin kwano ya ɗauka. Kwanakin nan 50 su ne lokacin da ake duba ko amsar ta fita daga coci tare da ku.

Ku lura da wuraren da Bishara ta ce an ga Yesu bayan tashinsa, domin a ganina a nan zuciyar batun take. Maryamu Magadaliya ta gan shi ta zaci mai lambu ne. Almajirai biyu sun yi tafiya da shi zuwa Imuwasu, wajen kilomita 11 daga Urushalima, suna ɗaukarsa baƙon hanya, ba su gane shi ba sai da suka matsa masa ya kwana, aka zauna cin abinci ya gutsuttsura gurasa. Bitrus kuwa ya koma sana'arsa ta su, shi da abokansa suka kwana a Tekun Tibariya ba su kama kome ba, da asuba wani mutum a gaɓa ya tambaye su ko sun samu, ya ce su jefa taru dama, suka jawo manyan kifi 153, da suka fito suka tarar ya riga ya hura gawayi ya gasa musu karin kumallo. Wanda ya ci nasara a kan mutuwa bai je fadar Bilatus ya nuna kansa ba, bai kuma tsaya a tsakiyar Haikali ya tara jama'a ba. A lambu aka same shi, da kan hanya, da gaban akushi, da wurin aikin masunta da suka kwana suna wahala. Idan a can ya zaɓi ya bayyana, ban ga dalilin da zai sa mu ɗauka cewa a cikin coci kaɗai za mu sadu da shi ba.

Haka kuma a wannan lokaci ake ajiye karatun Tsohon Alkawari a Hadaya, wato babbar ibadarmu ta coci, a karanta Ayyukan Manzanni a madadinsa, kuma duk wanda ya saurara da kyau zai ji cewa littafin cike yake da zancen kuɗi da abinci. Masu bi na fari sun sayar da gonaki sun kawo kuɗin don kada a sami mai rashi a cikinsu. Wanda ya buɗe babi na 5 a gida zai ga Hananiya da Safiratu, waɗanda ba a tilasta musu ba da ko anini ba, laifinsu shi ne sun ɓoye wani kashi suka nuna kamar duka suka kawo. Ma'ajin kowace ƙungiya a Ikilisiyar nan, da duk uwar adashi, ya kamata su karanta wannan babi kafin Fentikos. A Yafa kuma akwai Tabita, wadda ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba, amma da ta rasu gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu. Teloli da masu saƙa da ke nan, ga 'yar'uwarku.

Zan ɗan daɗe a kan babi na 6, domin ya yi kama da mu ƙwarai. Rikicin farko da ya tashi a Ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne, inda Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu, ana fifita na masu jin Ibrananci. Wato ƙorafin yare ne da ɓangaranci, irin wanda muka sani a Ikilisiyar da ake Hadayar Hausa da ta Turanci, inda Bajju da Atyap da Tibi da Ibo da Bahaushe suke zaune a benci ɗaya amma kowa yana ƙirga 'yan garinsu a majalisa. Manzanni ba su ce wa masu ƙorafin su yi shiru don zaman lafiya ba. Sun sa aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, aka danƙa musu rabon, kuma idan kuka duba sunayensu, daga Istifanas har Nikolas, duka sunayen Helenanci ne. Ga alama ɓangaren da ya yi kuka shi aka miƙa wa ludayi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sharaɗin da aka sa, cewa rabon tuwo ma sai mai cike da Ruhu Mai Tsarki.

To, mu sauko kasuwarmu. Mudun da aka buga wa gindi don ya rage awo, masarar da aka yi wa algus da tsakuwa, fayil ɗin da ake dannewa a ofis har sai an ba da na goro, leburan da ya yi maka sharar gona ka ce ya dawo jibi alhali kuɗin yana aljihunka, kunyar noma da ake ci a iyakar gonar maƙwabci kowace damina har gonar marayu ta tsuke, bashin da aka ci tun Kirsimeti ana kauce wa mai shi a ƙofar coci: waɗannan su ne ayyukan Shaiɗan da muka ce mun ƙi. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa shiga cocinmu su ji yadda muke rera Haleluya, a ma'auni da cika alkawari suke karanta addininmu.

A shekarar 2018 Paparoma Francis ya fitar da wasiƙa a kan kiran tsarki a duniyar yau, inda ya yi zancen tsarkakan da ke maƙwabtaka da mu, ya kuma ba da misalin wata mace da ta je cefane, ta haɗu da maƙwabciya, hira ta juya zuwa gulma, sai ta ce a ranta ba za ta ɓata sunan kowa ba. Ya kira wannan taki ɗaya zuwa ga tsarki, kuma duk wanda yake ganin abin ƙarami ne bai taɓa gwada kama bakinsa a wurin suna ko gidan biki ba. Magana zarar bunu ce, yanzu kuma wayar hannu ta sa bunun yana tashi har garuruwan da mai maganar bai taɓa zuwa ba. Saƙon WhatsApp da ba ka tabbatar ba, musamman mai hura wuta tsakanin addinai ko ƙabilu, tura shi shaidar zur ce ko da ba kai ka rubuta ba.

Mafi wuya shi ne gafara. Kalmar farko da Yesu ya faɗa wa mutanen da suka gudu suka bar shi ita ce salama, a nan take kuma ya ba su ikon gafarta zunubai, kuma wannan Bishara ce ake karantawa kowace shekara a Lahadi ta biyu ta Ista, wadda Paparoma John Paul na biyu ya sa wa suna Lahadin Jinƙan Allah a shekara ta 2000. Tun 1215, taron bishop-bishop na Lateran na huɗu ya wajabta wa kowane mai bi furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara da karɓar Jibin Ubangiji a lokacin Ista, amma wannan ƙasan awo ne, kamar a ce wa mutum ya yi wanka aƙalla sau ɗaya a shekara. Na san a ɗakin nan akwai waɗanda aka kashe musu, da waɗanda suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa, kuma ba mu manta da Michael Nnadi ba, ɗalibin makarantar horar da Fada ta Good Shepherd a Kaduna, wanda aka sace a Janairun 2020 aka kashe shi yana da shekara 18. Ba zan tsaya a nan in ce muku ku manta ba, domin jikin da ya tashi daga kabari ma da tabon ƙusoshinsa ya tashi, har ya nuna wa Toma. Gafara ba ta hana neman shari'a, abin da take hanawa shi ne ka reni ƙiyayya a gidanka ka gadar wa 'ya'yanka. Wanda bai iya wannan ba tukuna, ya fara da ƙaninsa da ba su gaisa ba tun rabon gado.

Littafin Ayyukan Manzanni babi 28 ne, kuma gidan da yake karanta babi ɗaya bayan tuwon dare zai gama shi cikin wata guda. Daga ranar Hawan Yesu zuwa sama, kwana 40 bayan tashi, akwai kwana 9 na addu'ar roƙon Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda manzanni suka zauna tare da Maryamu a bene, kuma Baba Katikis zai sanar da unguwannin da za a riƙa taruwa. Ga shi ma yana nuna mini agogo, sha biyu ta buga. Tambayoyi sai bayan addu'a, yanzu mu miƙe tsaye mu yi Regina Caeli.